Ma'aikatan gidan burodina na son shiga sandika: in bari ko in hana?

Tambaya: Ina da gidan burodi a Sabon Gari, nan Damagaram, da ma'aikata 23. Kwanan nan suka aiko mini cewa suna son su zaɓi delege, wato wakilin ma'aikata, su shiga sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, kuma suna neman ƙarin albashi da kuɗin aikin dare. Yayana ya ce in kori masu zuga su tun wuri, wai sandika ce ta lalata lakwal da asibiti, duk inda ta shiga aiki ya mutu. Yarona da ke jami'a kuma ya ce ƙaramin albashi ne ke kashe aiki. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya. Aikin sufeton ƙwadago na yi har na yi ritaya, kuma irin wannan magana ta sha zuwa gabana, sai dai galibi takan iso ne bayan an riga an yi korar, rai ya ɓaci, kowa ya ja daga. Tunda kai ka tambaya tun ba a kai can ba, abu na farko shi ne kada ka kori kowa.

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba kowane ma'aikaci damar shiga sandikar da ya ga dama, ta kuma hana a kore shi saboda haka. Duk wurin da ma'aikata suka haura goma, zaɓen delege wajibi ne. Wanda aka zaɓa kuwa ba ka da ikon sallamarsa sai da izinin sufeton ƙwadago, kuma kariyar ta haɗa har da wanda ya tsaya takara. Ƙasar nan ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, masu kare ƴancin shiga sandika, tun farkon shekarun 1960. Yaya babba ne, ba a ƙi ta tasa ba, amma wannan shawarar kotu za ta kai ka, kuma kai za ka biya diyya. Da mutum 23 a hannunka, ka ma makara, da tuni kana da delege.

Sai gardamar kanta. Yaya da yaron naka duk sun faɗi gaskiya, amma kowa da wurin aikin da yake kallo, kuma babu mai kallon gidan burodi a cikinsu. Tambayar da nakan fara yi a duk rigimar albashi ita ce: in an yi ƙarin, daga aljihun wa kuɗin za su fito? Ko daga ribar mai wuri, ko daga mai saye, ko daga wanda da za a ɗauka aiki aka fasa, ko kuma daga aikin kansa in ya ƙara kyau. Amsar takan bambanta daga wuri zuwa wuri, ko a cikin jihar Damagaram ɗin nan.

Dubi matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut. An buɗe ta a watan Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnati na da 40. Ita kaɗai ce matata a ƙasar, dukiyar da aka narka a cikinta ta injuna ce, albashi ɗan ƙaramin yanki ne na abin da take kashewa. A irin wannan wuri, in ma'aikata suka haɗa kai suka nemi ƙari, rabon riba ake yi. Matatar ba za ta rufe don an ƙara wa mai tsaron famfo albashi ba. Shi ya sa kukan ma'aikatanta tun shekarun farko ya fi tsayawa a kan tazarar da ke tsakanin abin da ake biyan ɗan ƙasa da abin da ake biyan Shinuwa, wato mutanen Sin, a aiki iri ɗaya. Maganar ta yi ta tafiya har a watan Maris 2025 hukumomi suka kori manyan jami'an Sin uku na kamfanonin man daga ƙasar, ciki har da shugaban matatar, kuma tazarar albashin na cikin dalilan da aka bayar. Wanda SORAZ kaɗai ya sani zai ce maka sandika alheri ce zalla.

Yayanka kuwa lakwal yake kallo, kuma a nan ba zan ƙaryata shi ba. Yajin aiki a gwamnati yana da wani aibi da babu shi a kasuwa: wanda ake faɗan da shi ba shi ke shan wuyar ba. In malamai sun ajiye alli, ɗan minista yana makarantar kuɗi a Yamai yana karatunsa, wanda ya rasa darasi ɗan manomin Dungas ne. Gwamnati ba ta karyewa yadda ɗan kasuwa ke karyewa, saboda haka babu abin da ke tilasta wa ɓangarorin biyu su sasanta da wuri. Iyaye sun ga shekarun da yara suka cinye rabin zango a gida, ba labari aka ba su ba.

Amma a tambayi yadda aka zo nan. A shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi watanni suna bin bashin albashi. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ɗan abin da ke hannu ya narke. Daga 1998 aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi, a kan pekil, wato ɗan kuɗin wata da bai kama ƙafar albashin cikakken malami ba, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwan firamare. Mushen da aka tura wani ƙauye a bayan Gure, pekil ɗinsa ya makara, in ya fito kuma sai ya hau mota ya je gari ya bi layi ya kwana, wannan ko babu sandika a duniya ba zai cika kwanakin aji ba. Da yawa daga cikin yajin da aka yi a fannin ilimi a kan biyan abin da aka riga aka yi alkawari ne, da cika yarjejeniyar da aka sa wa hannu aka jefa a durowa.

Inda nake ganin sandikokin malamai sun zame shi ne a 2017, lokacin da ma'aikatar ilimin firamare ta ce za ta gwada ƴan kwantaragi, su kuma suka yi kira a ƙaurace. Sakamakon ya nuna da yawa ba su iya abin da ake so su koya wa yara ba, aka soke kwantaragin dubbai. Gwamnati ce ta ɗauke su ba horon kirki, wannan laifinta ne, ba mai sauke mata. Amma sandikar da ta kafe a kan kada a gwada kowa ta jawo wa kanta baƙin jinin iyaye, ta kuma ba irin su Yaya hujja. Da cewa ta yi a gwada, wanda ya faɗi a horar da shi a sake gwada shi, da yau ta fi haka ƙarfi.

Gidan burodinka dabam yake da su duka biyun. Kuɗin burodi ba kai kaɗai ke yanke shi ba. Ka ƙara sefa 25, gobe da asuba mai shayi yana ƙofar maƙwabcinka. Fulawa ta tashi tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, rufe iyakoki bayan Yulin 2023 ya ƙara wa kaya tsawon hanya, wuta in ta ɗauke sai gazuwal. Ribarka ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka ƙarin da za ka yi, in ana so ya ɗore, dole mafi yawansa ya fito daga aikin kansa. A nan maganar yaronka ke shigowa.

Misalin da masana suka fi kawowa na Henry Ford ne, mai kamfanin motoci a Amurka. A 1913, don ya riƙe kimanin mutum 14,000 a bakin aiki, sai da ya ɗauki sama da 50,000 a cikin shekarar, saboda yawan masu gudu. A watan Janairu 1914 ya ɗaga ladan yini daga dalar Amurka 2.34 zuwa 5, ya rage awoyin aiki daga tara zuwa takwas. Barin aiki da fashin zuwa aiki suka faɗi warwas, riba ta ƙaru. Kuma Ford ba masoyin sandika ba ne, ya yaƙe ta har 1941. Lissafi kawai ya yi, ya ga arhar ma'aikaci tana cin kuɗinsa.

Kai ma tana cin naka, sai dai ba ta fitowa a littafi. Mai kwaɓin da ya ƙware, wanda hannunsa ya san ruwan da fulawa ke so da ɗari da wanda take so da bazara, in ya tafi Jado haƙar zinariya ko ya bi motar Agadas, sabon da za ka ɗauka sai ya ɓata maka buhuna kafin ya iya. Wanda ya zauna kuma, in albashin bai kai shi ƙarshen wata ba, da rana yana kan kabu-kabu, da dare yana gyangyaɗi a bakin tanderu, burodi ya ƙone. Wani ya cike giɓin da kansa: kwanon fulawa yau, litar gazuwal gobe. Ba wanke sata nake ba, nuna maka nake inda kuɗinka ke bi.

Yi lissafin da kanka. A ce ka ƙara wa kowa jika goma. Mutum 23, jika 230 ke nan a wata. Ɗora kason maigida na CNSS, wato Kes, asusun fansho da inshorar ma'aikata, kashi 16.4 cikin ɗari, ya zama wajen jika 268. Raba da kwana 30, kusan jika tara a rana. Ka fi ni sanin kuɗin buhun fulawa yau. Duba jika tara kashi nawa ne na buhu guda, sannan ka duba burodin da ke ƙonewa, da wanda ake dawo maka da shi, da fulawar da ba ka san inda ta shiga ba. In asarar ta fi jika tara a rana, ƙarin na iya biyan kansa. In ba ta kai ba, daga aljihunka zai fito, kuma gara ka san haka kafin ka buɗe baki.

Ga kuma abin da za ka gaya wa ɗan jami'a. Ford ya iya biyan wannan kuɗi ne domin a 1913 ya kafa layin haɗa mota da ya rage lokacin haɗa gangar mota ɗaya daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Na'ura da tsari suka fara zuwa, albashi ya biyo su. Yawan abin da ma'aikaci ke fitarwa a awa ya fi dogara da kayan aikin da aka ba shi da yadda aka shirya aikin, a kan ƙwazonsa. Mai gashin burodi a Damagaram ya fi takwaransa na Faransa zubar da gumi, amma wancan wutarsa ba ta ɗaukewa, famfonsa ba ya ƙafewa. Mu nan in bazara ta tsaya, ruwan kwaɓi ma sai an jira ɗan garuwa. In tanderunka ya tsufa, ko ka ninka albashi, burodin da zai fito a dare ba zai ninku ba.

To ita sandikar, gyara aiki take ko ɓata shi? An daɗe ana bincike a kai. Wasu masana tattalin arziki biyu na jami'ar Harvard, Richard Freeman da James Medoff, sun nuna a 1984 cewa aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana ɗaga albashi sama da abin da kasuwa za ta bayar. A Amurka ɗan sandika kan fi takwaransa da kimanin kashi 10 zuwa 15, ribar kamfani kuma takan ragu. Sannan tana ba ma'aikaci bakin magana, sai ya zauna ya yi ƙorafi maimakon ya tattara ya tafi, barin aiki ya ragu, maigida ya ji abin da da ba ya ji. Binciken da ya biyo baya, in an haɗa shi wuri ɗaya, bai ba kowane ɓangare nasara ba: wani wuri aiki ya ƙaru, wani wuri ya ragu, kuma abin da ya fi raba su shi ne irin zaman da ke tsakanin maigida da ma'aikatansa.

Labarin da ya fi gamsar da ni na wata masana'antar General Motors ne a Fremont, jihar Kalifoniya. Ta yi ƙaurin suna wajen fashin zuwa aiki, yaji, shaye-shaye a bakin aiki da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982, mutane suka ce sandika ta kashe ta. A 1984 aka sake buɗe ta tare da Toyota. Sandikar ita ce dai, mafi yawan ma'aikatan su ne dai na da, har da masu taurin kan. Abin da ya canza shi ne an horar da su, an ba kowa ikon tsayar da layi in ya ga aibi, an kuma yi musu alkawarin ba za a sallame su da zarar kasuwa ta yi sanyi ba. Fashi ya sauko daga wajen kashi 20 zuwa kashi 2 ko 3, motocin suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin.

Na ga ƙaramin irin wannan a nan garin. Wani mai masana'anta, ba zan faɗi sana'arsa ba, ya zo mini a fusace yana cewa yaransa ɓarayi ne, ga shi kuma wai suna neman delege. Aka yi zaɓe ba da son ransa ba. Ba a daɗe ba delegen ya ajiye masa takarda: kayan da ke ɓata, mai kula da sito ne ke fitar da su, kuma ƙanin matarsa ne. Kowa ya sani shekara da shekaru, ba wanda ya isa ya faɗa, domin wanda ya faɗa shi kaɗai, shi za a kora. Sai da aka samu mutumin da doka ta hana a kora sannan magana ta fito.

Af, kada kuma a ce haɗin kan masu sana'a baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Tun zamanin Sarki Tanimun mahauta na da sarkin fawa, maƙera na da nasu sarkin, su ke magana da fada da yawun jama'arsu, su ke tsawata wa wanda ya yi algus. Ku ma masu gidajen burodi, ranar da fulawa ta tashi ai haɗuwa kuke ku yi magana da murya ɗaya, haka masu motocin tasha, haka ƴan kasuwar Dole. Sandika irin ta yau kuwa ta taso ne a zamanin da ake yaƙi da aikin tilas, wanda aka haramta a 1946, da neman dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa da aka samu a Disamba 1952. Da sandika Djibo Bakary ya gina ƙarfinsa a shekarun 1950. USTN ce, uwar ƙungiyar sandikokin ƙasar a lokacin, tare da ɗalibai, ta matsa har aka yi taron ƙasa na 1991. Awa 40 a mako, hutun shekara, hutun haihuwa na mako 14, duk sai da aka ja kafin a samu.

Wannan tarihin bai rufe mini ido ga rauninsu na yau ba. Uwar ƙungiya ɗaya ta tsage ta zama fiye da goma. CNT ta fito a 1996, CDTN a 2001, saura suka biyo, har sai da aka yi zaɓe a 2019 don a san wa ke da mutane, CDTN ta zo ta ɗaya, USTN na biye da ita. In sandikoki biyu na rububin mambobi a wuri guda, kowace sai ta nuna ta fi zafi, mai sassauci a ce an saye shi. Babban raunin kuma shi ne su wa suke wakilta. Masu albashin wata ƴan tsiraru ne a ƙasar nan. Yaron gareji, ƴar aikin gida, ɗan dako, ba su da kati, da yawansu ba su ma san an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairu 2024 ba. Ga kuma gaskiyar da ƴan sandika ba sa son ji: in aka matsa wa ƙaramin wuri irin naka fiye da ƙarfinsa, ba rufewa zai fara yi ba, zai daina ɗaukar sababbi, ya koma ƴan aikin yini da ba a rubuta ko'ina ba. Na ciki ya samu, na bakin ƙofa ya biya.

Masu cewa sandika ce ta rufe masana'antu kuwa su duba kusa. Injinan man gyaɗa na Magarya da Matamaye, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 ne suka yanke musu abin matsa. Masaƙun Kaduna da Kano, rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, atamfar da, mu faɗi gaskiya, da yawanta ta iyakarmu ta bi.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. Ka je ofishin sufeton ƙwadago da ƙafarka kafin a kai ka, ka ce kana son a shirya zaɓen delege. Kada ka dasa naka. Delegen da maigida ya naɗa ba ya tsinana komai ranar da rigima ta tashi, domin ba mai jin maganarsa. Gara mai tsaurin bakin da in ya ce an yarda, an yarda.

Sannan ka raba abin da doka ta wajabta da abin da ake ciniki a kai. Kada albashin kowa ya gaza jika 42. Kowa a rubuta shi a CNSS, a cire masa kashi 5.25, kai ka zuba naka. Takardar albashi kowane wata, ranar hutu a mako, hutun shekara, da ƙarin kuɗi a kan awoyin da suka haura 40, waɗanda na dare da na ranar hutu suka fi tsada. Adadin yana cikin doka da babbar yarjejeniyar masu aiki da ma'aikata, wadda aka sabunta a 2022 bayan ta 1972 ta yi kusan shekara 50. Ka karɓi jadawalin a wurin sufeto, a nan za a rarrabe maka abin da ya zama dole a cikin kuɗin daren da suke nema. Waɗannan kada ka lissafa su cikin kyauta. Na san masu gida irinku da yawa masu alheri ne: kuɗin magani, ragon suna, shadda da sallah. Allah ya saka. Amma alheri na ranar da ka ga dama ne, mutum kuwa ba ya kama hayar ɗaki a kan ranar da wani ya ga dama. Haka ranar biya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a abin da na gani, albashin da ke zuwa ranar da aka ce ya fi kashe rigima a kan ƙarin da ke zuwa a makare.

A kan ƙarin kuwa, ka nuna musu lissafi. Na san wannan shi ne mafi wuya ga ɗan kasuwar Damagaram, wanda ko uwargida ba ta san ribarsa ba. Ba sai ka baje komai ba. Nuna kuɗin buhu, yis, gazuwal, haraji, da abin da buhu ɗaya ke fitarwa. Ma'aikaci yana ganin kuɗin da ke shigowa da safe, ba ya ganin wanda ke fita, shi ya sa yake ɗaukarka attajirin da ba a taɓa yi ba. Ka raba ƙarin gida biyu: wani tsayayye a cikin albashi, wani a ɗaure shi da abin da kowa zai iya ƙirgawa, wato yawan burodin kirki daga kowane buhu, raguwar ƙonanne, da gazuwal ɗin da aka sha a wata. A tsayar da nauyin kowane burodi tukuna, in ba haka ba za a ƙanƙanta shi don ƙidaya ta cika, mai saye ya biya. A auna ƴan aikin dare gaba ɗayansu, kada a auna mutum-mutum, domin kwaɓi da gashi aikin gayya ne. Ka auna ɗaiɗai, za su fara tura wa juna laifi suna ɓoye kuskure. Abin da aka tsira da shi a raba, kaso nasu kaso naka, a liƙa lissafin a bango. Hattara da abu guda: in sun cim ma abin da aka sa, kada ka ɗaga ma'aunin a wata mai zuwa. A nan masu gida da yawa suka kashe tsarin da hannunsu, ma'aikata suka gane ƙoƙari ƙarin aiki kawai yake jawo musu, suka koma jan ƙafa.

Akwai abin da za ka ƙi, kuma doka na tare da kai. Wanda aka kama da sata ko ya mayar da fashin zuwa aiki ɗabi'a, katin sandika ba ya kare shi. Ka dai bi ƙa'ida, ka ba shi takardar neman bayani, ka saurare shi a gaban delege, ka rubuta. Kada ka yarda ƙarin girma ya zama na daɗewa kawai, ko a ce mai kwaɓi ba zai taɓa tanderu ba ko da mai gashi ya kwanta ciwo. Irin wannan tsage aikin na cikin abin da ya nauyaya masana'antun Ingila a shekarun 1970. Sakataren sandika daga waje yana iya raka su ya ba su shawara, amma tsara lokutan aiki da sayen sabon inji naka ne.

Yaji kuma ba a wayi gari a ganshi kawai. Sai an kai saɓanin gaban sufeto an gwada sulhu, in ya ci tura su ba ka sanarwa, kuma ranakun da ba a yi aiki ba ba a biyansu. A sana'ar da kayanta ba sa kwana, su ma sun san mai shayin da ya koma wani gida ba lalle ya dawo ba. In lissafinka ya nuna jika goma ba za ta ɗauku ba, ka faɗa da alƙaluma, ka ba da biyar yanzu, saura bayan wata shida in ma'aunin ya cika, a rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye ɗaya a ofishin sufeto.

Abin da nake tsammanin zai fi ba ka wahala bai ma shafi sandika ba. In akwai waɗanda suka daɗe a wurinka ba a rubuta su a CNSS ba, bashin yana nan da tara a kansa, kuma ranar da wani ya ƙone a tanderu ko injin kwaɓi ya cinye masa yatsa, kai kaɗai za ka ɗauki nauyin. Ka tattara sunayensu da ranar da kowa ya fara aiki, ka je reshen Kes na nan Damagaram ka nemi a yanka maka biya kashi-kashi, tun kafin zamanka na farko da delege.